Filin Tambaya da Amsa: Koya wa Yara Kodin da Wasa

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga Sakkwato da kewayenta suka fito, kuma kusan duk kan abu guda: yadda za a fara koya wa yara kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni daki-daki, ta hanyar wasa. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar firamare a Mabera. An ba ni darasin kwamfuta a aji biyar, yara 60, kuma kwamfuta ɗaya ce a makarantar, tana ofishin hedimasta. Abin da munka saba shi ne in rubuta sassan kwamfuta bisa allo su kwafa. Na ji ana iya koya ma yara kodin ko babu na'ura. Yaya ake yin wanga abu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ana yi, kuma ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1990 Tim Bell na Jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan da abokan aikinsa suke tsara darussan kwamfuta da ba sa buƙatar na'ura. Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, darasin farko na kodin bai da alaƙa da maɓalli. Darasin shi ne yaro ya gane cewa kwamfuta abin da ka faɗa take yi, ba ta san abin da ke ranka ba. Wannan kuwa a tsakar makaranta ma ana koyonsa.

Yaran Sakkwato sun san gidajen dara, layi shida a layi biyar, gida 30. Shi za ka zana a ƙasa, amma babba: kowane gida santimita 60 ta kowane gefe, yadda yaro zai tsaya ciki a sake. Filin zai ci mita 3.6 a tsawo, mita 3 a faɗi. A kan yashi ka zana da toka, a kan siminti da alli. Ga yara 60 fili huɗu kake so. Ka raba su rukuni 12, kowane rukuni mutum biyar, rukuni uku a fili ɗaya. A zana filayen kafin a buga ƙararrawa, in ba haka ba zanen kaɗai zai cinye rabin darasin.

Sai kati. Kwalin taliya ko na sabulu ya wadatar, a yanka kamar girman tafin hannu. Kowane fili ya samu kati goma masu TAKA, huɗu masu DAMA, huɗu masu HAGU, ɗaya mai ƊAUKA, biyu masu MAIMAITA. Kati 21 ke nan, fili huɗu 84. Katin MAIMAITA ka ɓoye shi a aljihu tukuna.

A cikin biyar ɗin, ɗaya shi ne mutum-mutumi, biyu su tsara umarni, ɗaya ya karanta katin da ƙarfi, na biyar alƙali ne mai lura da doka. Ana juya aikin bayan kowane zagaye. TAKA na nufin gida ɗaya zuwa inda fuska ke kallo. DAMA da HAGU juyi ne a tsaye, kwata ɗaya, ƙafa ba ta barin gidan. Dokar da ta fi kowace nauyi ita ce a jera katin duka a ƙasa kafin mutum-mutumi ya motsa, kuma da ya fara tafiya ba mai taɓa kati, ba mai yi masa ishara. In ka sassauta wannan, wasan ya koma jan makaho da sanda, yara su yi ta kiran "dama, a'a hagu" har a isa, ba wanda ya koyi komai. Rukunan da ke jiran layi su rubuta nasu a littafi da haruffan T, D da H, in lokacinsu ya yi su jera.

Misali: dogon gefen filin ya miƙa daga kudu zuwa arewa, mutum-mutumi yana kusurwar kudu maso yamma yana kallon arewa. An ajiye murfin kwalba gida uku arewa, gida biyu gabas. Amsar kati bakwai ce: TAKA, TAKA, TAKA, DAMA, TAKA, TAKA, ƊAUKA.

Kusan kowane rukuni zai faɗi a gwajin farko, kuma wuraren faɗuwar sanannu ne. Wasu za su ƙirga har da gidan da mutum-mutumi ke tsaye, su sa TAKA huɗu a maimakon uku, ya wuce wurin. Wannan kuskuren ɗaya-ya-yi-yawa har manyan masu rubuta manhaja yana kama su. Wasu za su tsaya suna fuskantar mutum-mutumin, damarsu ta zama hagunsa. Maganinsa a ɗaura masa zare a hannun dama, masu tsarawa kuma su tsaya bayansa. Sai kuma mutum-mutumi mai tausayi, wanda ya ga abokansa sun kuskure sai ya gyara musu da ƙafarsa. Aikin alƙali ke nan, ya mayar da shi farko. In aka yi kuskure kada ka nuna katin. Ka ce su sake daga farko, kati ɗaya ɗaya, mai karatu yana ɗora yatsa kan kowane, har su ga inda tafiya ta rabu da niyya.

A rana ta farko ka ɗauki minti biyar ka zama mutum-mutumin da kanka. In suka ce "Malam je ka ƙofa", ka tsaya ƙiƙam, ba ka san wannan umarni ba. In suka ce TAKA kuma benci na gabanka, ka taka ka yi karo da shi. Dariyar da za su yi ta fi bayanin rabin awa.

Mako na biyu ka ba su aikin da katinsu ba zai isa ba: mutum-mutumi ya zagaye bakin filin ya dawo inda ya tashi. Hanyar ita ce taku biyar, dama, taku huɗu, dama, taku biyar, dama, taku huɗu, dama. TAKA 18 ke nan, su kuwa goma gare su. Ka bar su su yi gardama. Wani zai lura rabin hanya na biyu daidai yake da na farko. A lokacin ne za ka fito da katin MAIMAITA, a rubuta "sau 2" a jikinsa, a kewaye katin da za a maimaita da igiya: TAKA biyar, DAMA, TAKA huɗu, DAMA. Kati 22 sun koma 12. Igiyar nan tana da muhimmanci, don in babu ita ba wanda ya san inda maimaicin ya ƙare.

Mako na uku sharaɗi: "IDAN akwai dutse a gidan gaba, DAMA, in babu, TAKA", a sa shi cikin MAIMAITA sau 10. Dabarar ita ce kai za ka ajiye duwatsun bayan sun gama jera kati. Nan yaro ke gane amfanin sharaɗi, umarni ne da aka tanada don abin da ba a san yadda zai kasance ba. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin garin ke wuce digiri 40, ka nemi darasin farko na safe ko inuwar darbejiya.

Tambaya: Ina koyarwa a ƙaramar sakandare ta 'yan mata a Boɗinga. An kawo mana laftof goma, ba intanet. Wace manhaja zan sa, kuma wane wasa ne ɗalibai za su iya haɗawa da kansu a darasi biyu?

Amsa: Malama, Scratch. An ƙirƙire ta a jami'ar MIT ta Amurka ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, ta fito a 2007, kuma an yi ta ne don 'yan shekara 8 zuwa 16. Kyauta ce. Sau ɗaya za ki sauke ta inda akwai intanet, ki zuba a filash ki sa wa sauran. Sabuwar, Scratch 3, tana son Windows 10 ko sama. In na'urorin tsofaffi ne masu Windows 7, Scratch 2 tana nan, da tsohuwar zuma ake magani. A Scratch ba a buga umarni da hannu. Tubala ne masu launi ake jawowa a harhaɗa, wanda bai dace da wuri ba ba zai shiga ba, don haka yarinya ba za ta ɓata lokaci kan kuskuren harafi ko waƙafi ba.

Wasan da ya fi dacewa da farawa shi ne taren mangwaro: mangwaro na faɗowa daga sama, ana tara shi da kwano. Kafin komai su san filin. Faɗinsa 480, tsayinsa 360, tsakiya ita ce sifili. x yana tafiya daga -240 a hagu zuwa 240 a dama, y daga -180 a ƙasa zuwa 180 a sama. Ki zana wannan a allo ya zauna can har ƙarshen zango.

A goge kyanwar da ke zuwa da manhajar. A ɗauko kwano daga taskar hotuna, sunansa "Bowl". Mangwaro su zana da kansu, ko su ɗauki lemo, "Orange". Darasi na farko kwano kawai. A fara da tubali mai ruwan ɗorawa na koren tuta, wato tutar da ake dannawa wasa ya fara. A ƙarƙashinsa shuɗin tubali "go to x y", a sa 0 da -150. Sai tubalin "forever", wato har abada, a cikinsa "if then" guda biyu: in an danna kibiyar dama a canza x da 10, in an danna ta hagu a canza x da -10.

Akwai gajeriyar hanya da littattafai da yawa ke nunawa, tubalin "when key pressed". Ki guje mata a nan. Da ita kwano yakan motsa sau ɗaya, ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba, saboda haka kibod yake yi in an riƙe maɓalli. Wasan sai ya yi nauyi a hannu, yara su ɗauka na'urar ce ba ta da kyau.

Darasi na biyu mangwaro. A danna hotonsa tukuna, don kowane hoto da nasa shafin umarni. A buɗe ma'aji biyu a sashen "Variables", ɗaya a sa masa suna maki, ɗaya rai. Ma'aji wuri ne mai suna da ake ajiye lamba, tana iya canzawa. Bayan koren tuta: maki ya zama 0, rai ya zama 3, mangwaro ya tafi y 170, x kuma a bar wa koren tubali "pick random" ya zaɓa tsakanin -220 da 220. Cikin "forever" a canza y da -5. In ya taɓa kwano, a ƙara maki da 1, ya koma sama. In y ya yi ƙasa da -170, a rage rai da 1, ya koma sama. In rai ya yi ƙasa da 1, "stop all", wato wasa ya tsaya.

Lambobin nan akwai lissafi a bayansu, kuma ɗaliban aji biyu za su iya yinsa. Scratch tana zagaya irin wannan maimaici kamar sau 30 a daƙiƙa. Daga 170 zuwa -170 tazarar 340 ce, a biyar-biyar zagaye 68, wato daƙiƙa biyu da ɗan ɗoriya. Kwano yana cin 300 a daƙiƙa, zai ratsa filin duka cikin daƙiƙa 1.6. Ke nan kowane mangwaro yana taruwa. In wata ta mayar da faɗuwar -10, lokaci ya koma daƙiƙa ɗaya da kaɗan, wasu mangwaron ba za a cim musu ba ko da wa ke wasan. Ki bar su su gano wannan, sannan ki tambaye su lambar da ya kamata a ƙara wa kwano.

Da laftof goma, ɗalibai biyu ko uku ga kowace. Ɗaya ta riƙe maus, sauran su faɗi abin da za a yi, a sauya duk bayan minti bakwai da agogo. In ba a sa agogo ba, mai ƙarfin hali ce za ta riƙe har a tashi. Ke ma, in an kira ki gyara, ki sa hannuwanki a baya. Tambaya uku ta isa: me kike so ya yi, me ya yi, wane tubali ne ke da alhakin wannan.

Manhajar ba ta adana aiki da kanta. Duk minti goma su shiga "File" su adana, sunan rukuni da kwanan wata a jikin fayil ɗin. Kada a ɗora laftof kan darduma ko katifa, ramukan iskarta a ƙasa suke, in suka toshe a zafin bazara sai ta mutu ana tsakar aiki. Lokacin hunturu a rufe su da ƙyalle ko a mayar jaka da an gama. Cajar laftof ta yau da kullum wat 45 zuwa 65 take ja, goma ba za su wuce wat 650 ba, ƙaramin janareto ko sola zai ɗauka.

Tambaya: Ɗalibaina a Tambuwal sun haɗa wasa a Scratch, albasa na faɗowa cikin buhu. Matsala biyu munka samu. Albasa ɗaya in ta taɓa buhu maki sai ya tashi daga 0 zuwa 15 ko 20. Ta biyu, wani lokaci albasar takan maƙale a ƙasa ba ta komawa sama. Mun sake sa manhajar, ba canji.

Amsa: Malam, manhajar lafiyarta lau, abin da aka gaya mata take yi. Ta farko: bayan an ƙara maki ba a ɗauke albasar daga jikin buhu ba. Tunda ana duba taɓawa kamar sau 30 a daƙiƙa, rabin daƙiƙa da ta yi tana ratsa buhun maki 15 ne. Ka duba cikin "if touching", nan da nan bayan ƙarin maki dole tubalin komawa sama ya biyo, a ciki, ba a ƙarƙashinsa daga waje ba.

Ta biyu ɗayan abu biyu ne. Ko dai sun ce in y ya yi daidai da -170, alhali faɗuwar bakwai-bakwai ce. Daga 170 in kana rage 7 za ka zo -166, sai -173, ba za ka taɓa taka -170 ba. Da -5 abin yana aiki, shi ya sa matsalar ke fitowa sai an canza gudu. A yi amfani da alamar "ƙasa da" a bar ta daidai. Ko kuma sun sa lamba mai nisa kamar -200. Scratch ba ta barin hoto ya fice daga fili gaba ɗaya, takan bar ɗan gefensa a gani, don haka ƙaramar albasa ba za ta kai -200 ba har abada. Hanyar gani da ido: a sashen shuɗin tubala akwai ɗan akwati kusa da "y position". A danna shi, lambar za ta fito kan fili tana sauyawa, yara su ga inda ta tsaya.

Tunda kana nan, ga wasu uku da za su zo maka. Maki ya tsaya a 1: an sa "set" a wurin "change". Maki ba ya barin 0: tubalin mayar da shi sifili ya faɗa cikin "forever". Hoto ya ɓace bai dawo ba: an yi "hide" ba a sa "show" bayan koren tuta ba. Ka ajiye irin waɗannan fayilolin masu kuskure. Babu jarabawar kodin da ta kai a ba yaro wasan da ya lalace a ce ya gyara cikin minti 15, ya kuma rubuta layi biyu kan dalilin lalacewar.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 11 ne, muna Runjin Sambo. Kullum ya dawo makaranta yana kan laftof ɗin babansa, in na yi magana ya ce kodin yake koyo. Ni dai wasa nake gani. Yaya zan bambance?

Amsa: Hajiya, shakkarki a kan hanya take, don yara da yawa da sunan kodin suke buga wasan da wani ya haɗa. Ba sai kin san kwamfuta ba kafin ki gane. Ki zauna kusa da shi ki ce ya canza miki abu: abin da ke faɗowa ya rage gudu, ko maki ya riƙa ƙaruwa biyu-biyu. Wanda ya haɗa da hannunsa zai buɗe tubalan ya canza lamba ɗaya cikin minti guda. Ki kuma tambaye shi abin da ya ƙi yi masa aiki a makon nan da yadda ya shawo kansa. Mai koyo ba ya rasa labarin kuskure. In kullum amsar ita ce komai lafiya, to wasa yake.

In ya tabbata haɗawa yake, yana aiki da lamba mai ƙasa da sifili, da x da y, da kusurwa, abubuwan da zai tarar a lissafin sakandare. Ita kanta kalmar da masana ke kiran jerin umarni da ita, algoridim, daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ta samo asali, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Awa ɗaya a rana ta ishe shi, bayan Islamiyya da aikin gida, laftof ɗin kuma a falo. Scratch ta kan na'ura ba ta buƙatar intanet ko rajista, kina iya kashe data gaba ɗaya.

Tambaya: Ina tara ƙannena da yaran maƙwabta shida bayan la'asar a Illela. Wayar Android ɗaya gare ni. Zan iya?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, Allah ya saka. Scratch ta Android don manyan kwamfutocin hannu aka yi ta, a waya ba za ta yi maka daɗi ba. Ka nemi Pocket Code, wadda aka haɗa a Jami'ar Fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya. Tubala ce ita ma, kuma don waya aka tsara ta. Akwai kuma Blockly Games da Google ta ƙirƙira, wanda ake buɗewa a burauza, har da Hausa cikin harsunansa. Wasansa mai suna Maze mataki goma ne, kuma kusan shi ne wasan gidajen dara da muka bayyana wa Malamin Mabera: taka, juya, maimaita, sharaɗi. Ka kwafi hanyar matakin a ƙasa da toka, yaran shida su warware ta da kati, sai wanda layi ya zo kansa ya shigar da amsar a waya kowa na kallo. Mataki na goma yana ba manya ma wuya, ka bar shi sai sun yi wata guda.